Wace sandar besbol zan saya wa ɗana da zai shiga ƙungiyar sakandare?

"Assalamu alaikum, Malam. Muna zaune a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka. Ɗana yana da shekara 14, kuma shekara huɗu ke nan yana buga besbol a ƙungiyar yara masu yawon gasa. Bana zai shiga aji tara, burinsa kuma ya samu gurbi a ƙungiyar makarantarsu. Kocinsa ya ce sandar da yake bugu da ita yanzu, mai tsawon inci 31 da lamba -8, ba za a yarda da ita a can ba. Shi kuma ya kafe sai an saya masa ta kamfozit wadda kuɗinta ya kusa dala 500, wai ta fi kowace kai ƙwallo nesa. Tsayinsa ƙafa 5 da inci 6, nauyinsa fam 125. Ni ban san kan wasan nan ba, kuma ba na son in zubar da kuɗi, ba na kuma son in tauye shi. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a cikin ƙoƙarinsa. Idan na fahimce ki da kyau, tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko kocin ya yi gaskiya, ko sandar kamfozit, wato wadda ake yi da zaren kabon maimakon itace ko alminiyom, ta fi sauran kai ƙwallo nesa kamar yadda yaron yake zato, sannan wace sanda ce ta dace da yaro mai irin jikinsa a gari irin naku. Na shafe shekaru ina horar da yara 'yan shekara 13 zuwa 16 a wannan wasa, kuma kusan kowace kaka sai na ga uwa ko uba sun tsaya a gaban wannan shawarar, don haka zan bi ta daki-daki.

Hatimin da ke jikin sanda

Kocin ya faɗi gaskiya, kuma daga nan ya kamata a fara, domin sandar da doka ba ta yarda da ita ba, komai kyanta, a jaka za ta zauna. A Amurka akwai ma'auni uku da ake auna sandunan da ba na itace ba, kowanne da hatiminsa a jikin sandar, tsakanin mariƙi da ganga, wato ɓangaren nan mai kauri da ake bugun ƙwallo da shi. Na farko shi ne na hukumar besbol ta Amurka, wato USA Baseball, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, kuma shi ƙungiyoyin yara irin su Little League suke bi. Na biyu shi ne na hukumar shirya gasanni ta USSSA, mai lamba 1.15 da ke nuna iyakar yadda sanda za ta maido da ƙwallo, wanda galibin ƙungiyoyin yawon gasa suke amfani da shi, kuma ina kyautata zaton shi ne a jikin sandar ɗanki. Na uku shi ne BBCOR, mai lamba .50, wanda hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara aiki da shi a 2011, hukumar makarantun sakandare ta NFHS kuma ta bi sahu a 2012. Duk sandar ƙarfe ko ta kamfozit da za a shiga wasan sakandare da ita dole ta ɗauki wannan hatimin na uku, faɗin gangarta kada ya wuce inci 2 da 5/8, lambarta kuma ta kasance -3.

Wannan lambar ta -3 ko -8 tana rikita iyaye da yawa, alhali lissafinta mai sauƙi ne. Ana ɗaukar nauyin sanda a oza a cire tsawonta a inci. Sandar ɗanki mai inci 31 da lamba -8 nauyinta oza 23 ne. Idan ya koma mai inci 31 da lamba -3, nauyin ya zama oza 28. Ƙarin oza 5 ke nan, kimanin giram 140, wanda ya yi daidai da nauyin ƙwallon besbol ɗin kanta. A hannu ba ya kama da wani abu mai yawa, amma ga yaro mai fam 125 da zai juya sandar cikin ƙiftawar ido, wannan shi ne babban sauyin da zai fuskanta a bana, ya fi batun kamfozit ko alminiyom nesa ba kusa ba. Hukuncin shiga da haramtacciyar sanda kuma ba ƙarami ba ne: alƙalin wasa zai fitar da mai bugun a wannan zagayen, a kuma takura kocinsa ya zauna a benci.

Me ya sa aka kafa BBCOR, kuma me ya sa hakan ya shafi aljihunki

Ƙwararrun 'yan wasan babbar gasar MLB da itace zalla suke bugu. Jami'o'i kuwa sun halatta sandar alminiyom tun 1974, saboda ta itace tana yawan karyewa, makarantu kuma ba su da kuɗin sayen sabuwa kullum. Amma sandar da cikinta rami ne tana da wata ɗabi'a da itace ba shi da ita. Idan ƙwallo ta haɗu da sandar itace, ƙwallon ce take lotsewa, kuma mafi yawan ƙarfin karon a cikin wannan lotsewar yake salwanta. Idan kuwa ta haɗu da ganga mai rami, bangon gangar yana ɗan dannuwa ciki ya dawo, kamar yadda fatar gangar kiɗa take maido da abin da aka jefa mata, sai ƙarfin da zai salwanta ya koma jikin ƙwallon ta fita da gudu. Duk wannan yana faruwa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Sandar kamfozit ana yin ta ne da zaren kabon da ake shimfiɗawa hawa-hawa, a haɗe shi da wani irin gam mai ƙarfi, a gasa. Bambancinta da alminiyom shi ne, duk lokacin da aka yi bugu da ita, gam ɗin da ke tsakanin shimfiɗun yana ɗan saki, bangon yana ƙara laushi, sandar kuma tana ƙara maido da ƙwallo. Wato tana ƙara zafi da tsufa, har ranar da za ta tsage. A da, ana gwada sanda tana sabuwa a ba ta hatimi, bayan 'yan watanni sai ta zarce iyakar da aka yarda. A gasar jami'o'i ta 2009 an gwada sandunan kamfozit 25, 20 daga ciki suka faɗi gwajin, abin da ya sa NCAA ta dakatar da su gaba ɗaya na wani lokaci. Damuwar ba ta tsaya ga adalcin wasa ba. Mai jifa yana tsaye ne ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, kimanin mita 18, kuma bayan ya saki ƙwallo jikinsa a buɗe yake, idan ta dawo masa da gudun da ya wuce kima ba shi da lokacin kare fuskarsa.

Ma'aunin BBCOR ya zo ne ya toshe wannan ƙofar. An sa iyakar maido da ƙwallo a kusa da ta itace mai kyau, sannan aka shardanta cewa sandar kamfozit sai an tausasa ta da inji a ɗakin gwaji, kamar ta yi dogon aiki, a tabbatar ko a ƙololuwar zafinta ba ta wuce .50 ba. A shekarar farko da aka fara aiki da shi, bugun da ke tsallake katangar fili a manyan jami'o'i ya ragu da kusan rabi.

Ga abin da ya shafe ki a nan, Hajiya. Tunda kowane kamfani yana ƙera sandarsa ta kai bakin wannan iyakar ba tare da ta tsallake ba, to idan aka bugi ƙwallo a daidai cibiyar ganga, da gudun hannu iri ɗaya, sandar dala 500 da ta dala 250 kusan wuri ɗaya za su kai ta. Abin da ɗanki ya gani da idonsa a gasar yara gaskiya ne, domin a ƙarƙashin USSSA iyakar a sake take, kuma sandar kamfozit da ta tausasa tana yin abin mamaki. Sai dai wannan duniyar ya bar ta ke nan. Ba laifinsa ba ne da ya ɗauko tunanin can ya kawo nan, yawancin yarana ma haka suke zuwa.

To me ake saya da kuɗin kamfozit?

Ba ina cewa sandar kamfozit yaudara ce ba. Tana da fa'idodi na zahiri, sai dai ba waɗanda yara suke zato ba. Na farko, zaren kabon ya fi alminiyom rashin nauyi, don haka maƙera suna iya tsawaita gangar ba tare da sandar ta yi nauyin kai ba, wurin da bugu yake yin kyau sai ya ƙara faɗi. Cibiyar bugu tana wajen inci 5 zuwa 7 daga ƙarshen sanda, kuma yaro ɗan shekara 14 ba kullum yake samun ta ba. Idan ya kuskure ta da inci ɗaya ko biyu, kamfozit ta fi yi masa rangwame. Na biyu, tana shanye girgiza. Duk wanda ya taɓa bugun ƙwallo kusa da mariƙi da sandar alminiyom mai jiki ɗaya a ranar sanyi ya san irin zugin da yake ratsa tafin hannu, kuma na sha ganin yaro ya fara jin tsoron ƙwallon da aka jefo masa kusa da jiki saboda wannan zugin kaɗai. Yawancin sandunan kamfozit gida biyu ne, mariƙi daban, ganga daban, da mahaɗi a tsakiya da ke tare girgizar kafin ta iso hannu. Na uku, sau da yawa ta fi sauƙin juyawa ko da nauyinta a sikeli ɗaya ne da na wata.

Wannan na ukun yana buƙatar bayani, don shi ne zuciyar zaɓen sanda. Ki ɗauki gatari ki riƙe shi ta ƙota ki kaɗa, sannan ki juya ki riƙe ta wajen ƙarfen ki sake kaɗawa. Nauyin gatarin bai sauya ba, amma hannunki zai gaya miki cewa abu biyu ne daban. Haka sanda take. Sanduna biyu masu inci 32 da oza 29, ɗaya an tara nauyinta a kai, ɗaya an daidaita shi zuwa wajen hannu, ba aiki ɗaya suke ba mai bugu ba. Mai nauyin kai ta dace da ƙaƙƙarfan saurayi da ya riga ya cika, wanda zai iya juya ta ba tare da gudun hannunsa ya ragu ba. Mai daidaitaccen nauyi ita ce ta yaro irin naki. Masana kimiyyar wannan wasa, irin su Farfesa Alan Nathan na Jami'ar Ilinoi, sun nuna cewa ƙarin mil ɗaya a awa a gudun sanda yana ƙara kimanin mil 1.2 a gudun fitar ƙwallo, kowane mil ɗaya na gudun fita kuma yana ƙara wajen ƙafa 5 a nisan da ƙwallon za ta yi idan ta tashi da kyau. Saboda haka sandar da ta rage wa yaro mil uku ko huɗu a hannu ta ci masa nisan da babu wani zaren kabon da zai maido masa.

Akwai wani yaro da na horar, dogo siriri, wanda ya zo da sanda mai inci 33 da nauyin kai domin irinta yayansa yake riƙewa. Sati uku yana makara a kan duk ƙwallo mai sauri, bugunsa yana karkata gefe, har ya fara cewa idonsa ne ya samu matsala. Na ara masa tsohuwar alminiyom mai inci 32 daidaitacciya daga jakar ƙungiya, a cikin atisaye biyu bugunsa ya dawo tsakiyar fili. Abin da ya sauya inci ɗaya ne da oza ɗaya da wurin da nauyin ya zauna.

Sanyin Ohayo

A nan ne garinku ya shigo cikin lissafi. Kakar besbol ta sakandare a Ohayo tana farawa ne a ƙarshen Maris, ana kuma gwajin ɗaukar 'yan wasa tun kafin nan, lokacin da sanyi bai gama tafiya ba. Kamfanoni da dama suna gargaɗin kada a yi amfani da sandar kamfozit idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da wajen digiri 60 na Farenhait, kimanin 15 a ma'aunin Salshiyos. Dalilin ya fi alaƙa da ƙwallon: a cikin sanyi tana taurara, sai karon ya zama kamar da dutse. Alminiyom a irin wannan hali lotsewa yake yi, kamfozit kuwa tsagewa take yi, kuma wadda ta tsage ta gama aiki. Na taɓa ganin sabuwar sanda mai tsada ta tsage a wasa na biyu na kaka, a wata asabar ta Maris da muke ta hura hannu, yaron ya zauna a benci yana share hawaye domin ya san wahalar da mahaifinsa ya sha kafin ya saya. Da kuna Hustan ko Filorida, da wannan sashen bai dame ku sosai ba. A Kolombus kuwa, kusan kashi na farko na kakar gaba ɗaya a cikin wannan yanayin za a buga shi.

Ga kuma batun tausasawa. Alminiyom daga leda sai fili. Kamfozit tana buƙatar bugu wajen 150 zuwa 200 kafin ta kai matsayinta, a fara da rabin ƙarfi a kan turken ɗora ƙwallo, ana juya sandar kaɗan bayan kowane bugu domin gangar ta tausasa ta ko'ina, da ƙwallon fata ta gaske. Ƙwallayen roba masu rawaya da injin jifa yake amfani da su a rumfunan atisaye suna cinye kwanan sanda. Kuma don Allah, idan wani ya ce zai matsa muku ita a inji ko ya kankare cikinta don ta ƙara zafi, ku guje shi. Haramun ne a dokar wasa, yana kashe garanti, kuma ɗan wani ne yake tsaye a wurin jifa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai ta uku da nake kira ruwa-biyu: ganga ta alminiyom, mariƙi na kamfozit. Tana rage girgiza, ba ta buƙatar tausasawa, ta kuma fi jure sanyi. Sai dai a lura, wasu fitattun sandunan ruwa-biyu, kamar The Goods ta kamfanin DeMarini, an san su da nauyin kai, don manyan masu ƙarfi aka yi su, don haka kada a ɗauka kowace ruwa-biyu ta dace da yaro mai tasowa. A ɓangaren kamfozit zalla, Meta ta Louisville Slugger da Icon ta Rawlings suna cikin waɗanda za ki ji yara suna ambata, a ɓangaren alminiyom kuma jerin CAT na Marucci da Voodoo One ta DeMarini sun daɗe a hannun 'yan sakandare. Hatimi ma yana iya faɗuwa bayan an ba da shi: a 2020 an soke amincewa da Meta ta wannan shekarar mai inci 33. Shi ya sa yake da kyau a nuna wa kocin makaranta ainihin samfurin da tsawonsa kafin a biya kuɗi, musamman idan ta hannu za a saya.

Abin da zan yi da a ce ɗana ne

Da a ce ɗana ne, mai wannan tsayi da wannan nauyi, zan saya masa alminiyom ko ruwa-biyu mai daidaitaccen nauyi, inci 31 da oza 28, a kan kuɗin da bai wuce rabin abin da yake nema ba ko sama da haka kaɗan. Farashin samfurin bara yakan faɗi warwas da zarar na bana ya fito a ƙarshen bazara ko jim kaɗan bayanta, kuma sau da yawa fenti ne kawai ya raba su. Dalilina na farko shi ne girma: yaro ɗan shekara 14 yana iya ƙara inci uku ko huɗu a shekara guda, kuma akwai yiwuwar baɗi inci 32 zai nema, ya zuwa aji goma sha ɗaya kuma 33. Sandar dala 500 da za a yi kaka ɗaya da ita ba ciniki ba ne. Dalili na biyu sanyin da na ambata. Na uku kuwa, alminiyom mai jiki ɗaya ba ya ɓoye wa yaro kuskurensa, idan ya bugi ƙwallo ba daidai ba hannunsa zai ji, kuma a shekarar da yake koyon juya sanda mai nauyi wannan darasi ne mai amfani, muddin zugin bai kai ga sa shi tsoro ba.

Akwai halin da zan sauya shawara. Idan an gwada aka ga girgiza tana damunsa ƙwarai, ko kuma zai ci gaba da buga gasar bazara daga Yuni zuwa Agusta inda zafi yake, kuma kuɗin ba zai takura gida ba, to kamfozit mai gida biyu zaɓi ne mai kyau, sai a haɗa masa da tsohuwar alminiyom mai araha ta ranakun sanyi da rumfar atisaye. Idan an saya, a saya a shagon da kamfanin ya amince da shi, a adana rasit, domin garantin yawanci na shekara ɗaya ne kuma ba a karɓar ƙorafi sai da shi. Kamfozit ta hannu kuwa ina jin tsoronta, domin tsagewar ciki ba ta nunawa a ido. Idan dole ne, a girgiza ta a saurara ko wani abu yana motsi a ciki, a shafa gangar a ji ko akwai wurin da ya yi laushi ko zanen tsaga mai kama da saƙar gizo, a kuma duba ko murfin kanta yana nan daram ba alamar an taɓa cire shi.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, domin ban ga yadda yake juya sanda ba, kuma tsayi da nauyi ba sa bayyana ƙarfin wuyan hannu da na ƙugu. Yaro mai fam 125 da ya saba motsa jiki yana iya riƙe inci 32 lafiya lau, wani kuma 31 ma sai ya yi wata biyu kafin ya saba. Gwajin da nake yi wa yarana shi ne, a ari sanduna biyu ko uku daga abokan wasa ko daga shagon da ke da rumfar gwaji, ya yi bugu talatin da kowace, a sa ido a kan goman ƙarshe. Idan kan sandar ya fara sunkuyawa kafin ta iso ƙwallo, ko kafaɗarsa ta gaba tana buɗewa da wuri don ya janyo ta, ta fi ƙarfinsa. Idan kocin yana da na'urar auna gudun ƙwallo, a rubuta matsakaicin gudun duka talatin ɗin, kada a tsaya kan bugu ɗaya mafi kyau, domin shi yara suke riƙewa a kai. Ki tafi da shi wurin gwajin, ki bar shi ya ga lambobin da idonsa. Ku yi wannan tun watan Oktoba ko Nuwamba, don ya samu dukan hunturu yana sabawa da ƙarin oza biyar ɗin kafin ranar da za a tantance su.